Oska, kifin da ba ya son maƙwabci

A shago za ka gan shi bai wuce tsawon yatsa ba, baƙi-baƙi da zanen ja ko ruwan lemo, yana zuwa jikin gilashi yana kaɗa jela kamar ya san ka tuntuni. Abin da ke ruɗin mutane ke nan. Sai a saye shi da ɗan tankin da bai wuce lita 60 ba, a haɗa masa da ƙananan kifaye biyar don ado. Kafin wata uku ƙananan sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, kafin wata shida ruwan ya soma wari, shi kuma kifin da ƙyar yake juyawa. Daga nan sai a ce mugun kifi ne. Ba mugunta ba ce, shirin da aka yi masa ne bai kai girmansa ba.

Oska ɗan dangin karfasa ne, wato kifayen da masana ke kira sikilid. Sunansa na kimiyya Astronotus ocellatus, Louis Agassiz ne ya fara bayyana shi a 1831. Asalinsa kwarin kogin Amazon a Kudancin Amurka, ƙasashen Brazil da Peru da Kolombiya, a ruwaye marasa gudu masu laka da yashi a ƙasa, inda rassan bishiyoyi ke faɗawa su nutse. A gindin jelarsa akwai wani baƙin ɗigo da jan zobe kewaye da shi, kamar ido, daga nan rabin sunan na kimiyya ya fito, don ocellatus na nufin mai ɗan ido. A tanki yakan kai santimita 30 zuwa 35, nauyinsa ya haura kilo ɗaya, kuma yakan rayu shekara 10 zuwa 15 idan ya sami kula. A shekararsa ta farko yana iya ƙara santimita biyu da rabi duk wata. Wanda ya san karfasa a lokacin da take haƙa rami tana gadinsa ya riga ya san rabin halin Oska.

Tankin da zai ɗauke shi

Ƙa'idar ita ce a sayi tankin babban kifi tun yana ƙarami. Kifi ɗaya tilo yana buƙatar aƙalla lita 280 zuwa 300. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1000. Tanki mai tsawon 120, faɗi 50, zurfi 50 ya ba da lita 300. Faɗin nan ya fi zurfi muhimmanci, domin kifi mai tsawon santimita 33 ba zai iya juyawa cikin walwala a tanki mai faɗin 30 ba, komai tsayinsa. Idan biyu za a ajiye, kada a sauka ƙasa da lita 470, tsawon ya kai santimita 180 in da hali.

Akwai maganar da ke yawo cewa kifi yana girma ne daidai tankinsa, in tanki ƙarami ne sai ya tsaya ƙarami. Abin da ke faruwa shi ne dattin ruwa ke tsumburar da shi, ya lanƙwashe, ya mutu da wuri. Wannan ba dabara ba ce, azaba ce.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu, tankin lita 300 zai doshi kilo 400. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A ƙera masa ƙafa ta ƙarfe ko katako mai kauri, a sa ma'aunin magina a tabbatar ta daidaita ko'ina, sannan a shimfiɗa farin soson da ake samu a kwalin firji, mai kaurin santimita ɗaya ko biyu, tsakanin gilashi da ƙafar. Ƙwayar tsakuwa ɗaya da ta maƙale a ƙarƙashin gilashi ta isa ta tsaga shi idan ruwa ya cika. Kaurin gilashin kada ya gaza milimita 10 ga zurfin santimita 50, milimita 12 ga zurfin 60, kuma a sa maɗauri a sama ya riƙe bangon gaba da na baya. Murfi dole ne, mai nauyi. Oska yana tsalle, musamman in ya saba ana ba shi abinci da hannu, kuma yana iya ture murfin roba da kansa.

Ciki kuwa a sauƙaƙa. Yashi mai laushi wanda aka wanke sosai, kaurin santimita uku ya isa. Zai ɗebe shi da baki ya tara a kusurwa ɗaya, gobe ya mayar wata. Duk dutsen da za a sa a ɗora shi kan gilashin ƙasa kai tsaye kafin a zuba yashi, saboda in yana kan yashi kifin zai haƙe ƙarƙashinsa ya rufto. Kada a jera duwatsu a kan juna sai an manne su. Shuke-shuke asarar kuɗi ne, zai tumɓuke su. Kututture guda mai santsi da faffaɗan dutse ɗaya ko biyu sun wadatar, a bar masa fili. Duk abin da ke da kaifi a cire, don idan ya firgita yakan zabura ya bugi komai, ya kuma yi wa kansa rauni a kai ko a ido.

Ruwan shi ne aikin

Faɗa ne ya yi wa Oska suna, amma ruwa ne ya fi kashe shi. Kifi ne mai ci da ɓarna. Ka jefa masa ƙwayar abinci, zai tauna, sai ka ga gari-gari na fita ta gefen kansa inda yake numfashi, yana watsuwa cikin ruwa. Ga kashi mai yawa. Duk wannan yana ruɓewa ya zama amoniya, kuma kifin da kansa yana fitar da ita a numfashinsa. Amoniya guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin matata, wato na'urar da ke tace ruwan tanki, su ne ke juya ta zuwa nitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jini ɗaukar iskar oksijin, sannan wasu su juya nitirait zuwa nitiret, wadda dafinta ya fi sauƙi amma tana taruwa sai an canza ruwa.

Waɗannan ƙwayoyin ba sa zuwa da sabuwar matata. Sai an raine su, kuma rainon yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. A cika tanki, a kunna matata, ba kifi. Kullum a jefa ɗan tsunkulen abincin kifi ya ruɓe, ko a ɗiga amoniya tsantsa har gwaji ya nuna miligiram 2 a lita. Ana gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku. Amoniya za ta hau ta sauka, nitirait ta biyo ta hau ta sauka. Ranar da aka sa amoniya, bayan awa 24 ita da nitirait duka suka koma sifili, nitiret kuma ta bayyana, tanki ya nuna. A canza rabin ruwan, a kawo kifi. In an sami tsohon soso daga matatar wani lafiyayyen tanki aka sa a sabuwar, lokacin zai ragu ƙwarai. Kayan gwaji na ɗigo sun fi na takarda gaskiya, kuma ni a ganina wanda ba zai sayi kayan gwaji ba bai shirya kiwon wannan kifi ba, don ruwa na iya yin garau kamar hawaye alhali guba ce cike da shi.

Matata ta zama mai juya ruwan tankin sau biyar zuwa takwas a awa, wato lita 1500 zuwa 2400 a awa ga tankin lita 300. A tuna adadin da aka rubuta a kwali na matatar da ba komai cikinta ne, da an cika ta da soso da duwatsun tacewa ƙarfin zai ragu. Irin ta waje mai kama da bokiti ta fi dacewa, a ƙara mata da babbar matatar soso mai aiki da famfon iska. Biyu sun fi ɗaya: in ana wanke wannan, waccan na riƙe da tanki. Wanki kuma da ruwan da aka ɗebo daga tankin ake yi, a matse soson a bokiti sau uku ko huɗu a mayar. Wanke shi da ruwan famfo mai kilorin, ko shanya shi a rana, ko sa masa sabulu, daidai yake da rushe aikin wata guda.

Duk mako a canza kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, ana zuƙe dattin ƙasa da tiyo. Ma'aunin da zai faɗa maka ko canjin ya isa shi ne nitiret: ta zauna ƙasa da miligiram 40 a lita, in ta tsaya kusa da 20 ya fi. In ruwan famfo ne a sa maganin kashe kilorin kafin ya shiga tanki. Ajiye ruwa ya kwana yana korar kilorin, amma ba ya korar kiloramin, wanda wasu hukumomin ruwa ke amfani da shi. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kilorin, sai dai yakan fito da ƙarancin oksijin, don haka a tara shi a durom mai tsabta a sa masa iska na wasu awowi. Kada a ɗebi ruwan tankin saman rufi da tsakar rana a zuba kai tsaye, zafinsa ya yi yawa. Bambancin sabon ruwa da tsohon kada ya wuce digiri biyu. Ma'aunin tsami, pH, tsakanin 6.5 da 7.5 shi ne mafi kyau, amma Oska da aka haifa a gona yana jure abin da ya ɗan haura haka. Gara a bar shi a tsaye wuri ɗaya da a riƙa zuba magunguna yana hawa yana sauka.

Ɗumin da yake so digiri 24 zuwa 28 ne. A ƙasar Hausa matsalar kashi biyu ce. Da hunturu, daren Kano ko Jos ko Damagaram na iya sauke ruwan ƙasa da digiri 20, kifin ya daina ci, cuta ta samu ƙofa. In ruwa ya sauka wajen digiri 13 mutuwa yake yi. Ana buƙatar hita mai kashe kanta, kusan wat ɗaya ga kowace lita, kuma a sa ta cikin kejin roba, saboda Oska yana fasa hitar gilashi da bugu ɗaya. A zare ta daga soket kafin a rage ruwa. Da bazara kuwa ruwan kan haura digiri 31, kuma ruwan zafi bai riƙe oksijin kamar mai sanyi. A ɗaga murfi a sa raga mai nauyi, a kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, za ta rage digiri biyu ko uku. A ƙara iska, a rage abinci.

Ɗauke wuta abu ne da ya kamata a yi masa shiri tun farko. Kifin kansa yana da juriyar ƙarancin oksijin fiye da kifaye da yawa, gadon tafkunan Amazon ne. Ƙwayoyin matata su ne ba su da wannan juriya. In matatar waje ta tsaya awowi da yawa a rufe, sai su soma mutuwa, ruwan cikinta ya ruɓe, wuta na dawowa ta watso shi cikin tanki. Famfon iska mai batir da ke kunna kansa in wuta ta tafi, haɗe da matatar soso, shi ne mafi arhar kariya. Mai inbata ko sola ya ɗora matata da famfon iska a kai, ba su cin wuta sosai. In matatar ta kwana a kashe, a buɗe ta a zubar da ruwan cikinta, a ɗauraye kayan da ruwan tanki kafin a kunna, a kuma yi gwaji na kwana biyu ko uku.

Wani abin da ke kashe kifi a dare ɗaya shi ne maganin sauro na feshi da fiya-fiya. Dafinsu ga kifi mai tsanani ne, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Mafi alheri kada a yi feshi a ɗakin. In ya zama dole, a kashe famfon iska, a lulluɓe tankin da leda ruf, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Haka hannun da ke da sabulu ko man shafawa ko turare, kada ya shiga ruwa.

Abinci

Tushen abincinsa ya zama ƙwayoyin da aka haɗa musamman don manyan sikilid, masu furotin kusan kashi 40 cikin 100, da bitamin C a ciki, domin Oska ba ya yi sai da shi. Bitamin ɗin yana lalacewa in abinci ya daɗe a buɗe cikin zafi, saboda haka a sayi daidai na wata biyu ko uku, a rufe shi da kyau. Abincin tarwada na gona an haɗa shi ne don kifi ya yi ƙiba cikin watanni a sayar, ba don wanda zai yi shekara goma ba. In an rasa wani ya yi maneji, amma kada ya zama na kullum. A kan wannan a ƙara masa tana, gyare, fara, jatan lande ɗanye marar gishiri, da ɗan dafaffen koren wake da aka ɓare, sau biyu ko uku a mako. Ƙwarin su fito daga inda ba a yi feshi ba.

Ƙarami ya ci sau biyu ko uku a rana, abin da zai cinye cikin minti biyu. Da ya haura santimita 20, sau ɗaya ya isa, a kuma bar shi rana ɗaya a mako ba ci. Zai yi ta roƙo, yana bin ka daga wannan gefe zuwa wancan, yana fantsama ruwa. Ba yunwa ba ce.

Abu biyu a guje musu. Na farko jefa masa ƙananan kifaye masu rai, musamman jajayen kifin ado na Sin. Suna shigo da cuta, kuma jikinsu na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1. Na biyu naman shanu ko kaza a matsayin abincin yau da kullum: kitsen dabbar tudu yana taruwa a hantar kifi, ga shi yana ɓata ruwa nan take.

Batun iyaka

Oska ƙarami yana zama cikin 'yan'uwansa lafiya. Halin yana fitowa ne idan ya kai santimita 12 zuwa 15, ya ƙara tsanani da ya balaga wajen shekara ɗaya. A daji wanda aka kora yakan bar wurin, faɗa ya ƙare. A tanki ba inda zai je, shi ya sa kora ke komawa kisa. Alamun suna zuwa a jere: buɗe baki da marfin gefen kai, inda yake numfashi, don ya ƙara girma, kaɗa jela ana tura wa abokin gaba ruwa, sai kama baki da baki ana turereniya. Wannan kokawar tana iya zama gwajin ƙarfi tsakanin masu shirin haihuwa, tana iya zama faɗa na gaske. Abin da za a duba shi ne bayan an rabu. In duka biyun sun koma iyo suna ci, ba komai. In ɗaya ya maƙale a kusurwar sama ko bayan matata, launinsa ya dushe, fiffikensa a yage, bai zuwa wajen abinci, a raba su a ranar. Jira zuwa gobe yakan zama tsintar gawa.

Uku shi ne adadi mafi muni, don biyu za su haɗa kai su gama da na ukun. Kifi ɗaya shi kaɗai ba ya kaɗaici yadda mutane ke zato, kuma shi ne ya fi sabawa da mai shi, har ya bambanta shi da baƙo. Ga wanda tankinsa lita 300 ne, shawarata ɗaya ce: Oska ɗaya, ba kowa.

Mai babban tanki, daga lita 500 zuwa sama, yana iya gwada abokan zama da sharaɗi biyu: su fi ƙarfin bakinsa, kuma kada su fi shi zafin rai. Garken kifin nan faffaɗa mai kama da kwabon azurfa da ake kira silver dollar, biyar ko shida, yakan yi, don suna da sauri kuma ba sa neman iyaka. Manyan kurungu suna yi in an ba su maɓoya. Ƙananan kifaye masu ƙaya haɗari ne, zai haɗiye su ƙayar ta maƙale a maƙogwaronsa, a rasa duka biyun. Duk sabon kifi ya yi mako uku zuwa huɗu a wani tanki daban tukuna. Ranar shigar da shi a ciyar da Oska, a sauya wa duwatsu da kututture wuri don tsohuwar iyaka ta rikice, a kashe fitila. A ajiye allon rabawa a kusa, farantin roba mai huji-huji da aka yanka daidai faɗin tankin, wanda ruwa ke wucewa amma kifi ba ya wucewa.

Bayan irin wannan sauyi, ko bayan babban canjin ruwa, kana iya ganinsa kwance a gefe ɗaya a ƙasa, ya yi fari, ya ƙi abinci. Halinsa ne, fushi yake, yakan kwana ɗaya ko biyu a haka. Amma kada a ɗauka fushi ne sai an gwada ruwa an ga amoniya da nitirait sifili ne.

Cutar da ta fi bin Oska ita ce ramin kai. Tana farawa da ƙananan huji kamar sukar allura a goshi da kewayen ido, su yi ta faɗi, wani lokaci da farin kashi mai zare da ƙin ci. Ana danganta ta da wata ƙwayar cuta ta hanji mai suna Hexamita, amma kusan kullum za ka tarar nitiret ta yi sama ko abincin iri ɗaya ne marar bitamin. Gyara yana farawa daga nan: canjin kashi 30 duk bayan kwana biyu, abinci sabo. In akwai farin kashin, maganin shi ne metronidazol, wanda aka fi sani da filajil. Ma'aunin da masu kiwo suka saba miligiram 250 ne ga lita 40, a maimaita bayan awa 48 tare da canza rubu'in ruwan, har sau uku, a cire gawayin matata kafin a fara don yana shanye magani. In kifin na ci, jiƙa maganin a abinci ya fi kai wa hanji. Raunin yana warkewa, tabon yakan zauna. Farin ɗigo mai kama da barbaɗin gishiri kuwa yawanci bayan sanyi yake zuwa: a ɗaga ɗumi a hankali zuwa digiri 30, a ƙara iska, a narka gishiri marar aidin giram ɗaya zuwa biyu a lita, a ci gaba kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace tun farko.

Namiji da mace ba sa bambanta a ido, sai lokacin zuba ƙwai. Masu son haihuwa sukan raini ƙanana shida su bar biyu su zaɓi juna, sannan su nema wa sauran huɗun gida. Ma'auratan za su share faffaɗan dutse da baki, macen ta zuba ƙwai 1000 zuwa 2000, su ƙyanƙyashe cikin kwana uku, iyayen biyu na gadi. A wannan lokaci har hannun mai su suna cizo, kuma duk wani kifi da ke tankin yana cikin haɗari. Kafin a shiga wannan a san inda za a kai ɗaruruwan 'ya'ya, kowanne mai buƙatar lita 300 nan da shekara. Sakin su a kogi ko dam ba mafita ba ce. A jihar Florida ta Amurka Oska ya kafu a magudanan ruwa tun shekarun 1950, yana cin ƙananan kifayen wurin.

In ta kama a ɗauke babban Oska daga tanki, kada a yi amfani da ƙaramar koma, ƙayoyin bayansa suna sarƙewa a raga su karye. A rage ruwa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a nutsar da bokiti ko faffaɗan kwanon roba, a kora shi ciki a hankali da tafin hannu, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tawul kafin a ɗaga.